Amsa ga 'Yata da ke Zaune a Gidan Turkawa

'Yata, saƙonki ya iso, kuma Allah ya saka wa iyayen ƙawar nan taki da suka ɗauke ki ki yi hutu a gidansu a Konya. Kin ce kin durƙusa kin gaida kakar gidan, sai ta ruɗe ta ɗago ki tana miƙo miki hannu. Sannan uwar gidan ta fara tambaya ko abincinta ne ba kya so. Shi ne kike tambaya ko ki ajiye tarbiyyar gida ki bi tasu.

Babu abin da za ki ajiye. Ladabin da muka koya miki shi ne suke nema, sai dai ki nuna shi yadda za su gane. Hannun nan da tsohuwa ta miƙo, kamawa za ki yi ki sumbaci bayansa ki ɗora a goshinki. Wannan shi ne durƙusonsu. Ranar Sallah, wadda suke kira Bayram, za ki ga jikoki suna yin haka ana ba su alewa da kuɗi. Idan namiji ne ba muharraminki ba, ɗora hannunki a ƙirji ki gaishe shi da baki. Konya gari ne na masu riƙo da addini, ba wanda zai ga laifinki.

Maganar abinci ce ta fi damuna. Mu an rene mu da kara, baƙo ya ɗan taɓa ya janye hannu ko da yunwa na cinsa. Na sha zama da matan Turkiyya a lokacin da nake sarin kaya a Laleli, can Istanbul, kuma na san matar da ta wuni a kicin, in ta ga faranti ya dawo da saura, abin har zuciya yake taɓa ta. Ki ci sosai, ko da karin kumallon cuku ne da zaitun da tumatir da burodi, bakinki zai saba. In kin gama ki ce mata "elinize sağlık", addu'a ce ga hannun da ya yi girki, ki ga yadda fuskarta za ta washe. Shayi kuwa a ƙaramin kofin gilashi, ba sa daina ƙarawa sai kin kwantar da cokali a bakin kofin.

Wani abu da zai iya sosa miki rai: za ki tambayi mutum, ya ɗaga gira ya yi wani sauti kamar tsaki. A wurinsu "a'a" kawai yake nufi, yaro ma yana yi wa babba. Kada ki riƙe kowa a zuci.

Takalmi a bakin ƙofa ake cirewa, a ba ki silifas na cikin gida, na bayi ma daban ne. Yawancinsu Hanafiyya ne, don haka in kin ga wutirinsu raka'a uku a haɗe, ki yi naki yadda kika koya ba tare da gardama ba.

Kuma don Allah kada ki shige ɗaki ki rungumi waya da sunan kunya, za su ɗauka ƙyamarsu kike. Fito ki kwashe kwanuka, ki zauna kusa da tsohuwa ko Turkancin naki bai nuna ba. Zan ba mai tahowa yaji da zoɓo ya kawo miki. Ki roƙi uwar gidan ta bar miki kicin rana ɗaya ki yi musu dafa-duka, amma ki rage barkono. Ki gaishe min da ita da kyau.

Gwaggonki.