Ɗana ba shi da zoben ido, kuma an ce sai tiyata

Tambaya: Likita, an haifi ɗana ba tare da zoben nan mai launi da ke kewaye da ɗigon ido ba. Yanzu shekararsa 13, kuma an gano yana da hawan jinin ido. Mun shekara muna ɗiga magani iri biyu abin bai sauka ba, sai aka ce tiyata za a yi. Shin aikin zai dawo masa da ganinsa?
Daga wata uwa.

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Tiyatar ba ta dawo da ganin da ya riga ya tafi, domin jijiyar gani idan ta lalace ba ta farfaɗowa. Manufar aikin ita ce tsare abin da ya rage, shi ya sa jinkiri ke da haɗari.

Larurar ɗanki sunanta aniridiya, kuma tana faruwa ne saboda tangarɗa a ƙwayar gado mai suna PAX6. Ko da yake ana cewa babu zoben, akwai ɗan guntunsa da ke maƙale a gefe, kuma yayin da yaro ke girma guntun kan lanƙwaso ya toshe magudanar ruwan cikin ido, sai matsin ruwan ya haura 21 a ma'aunin likitoci, wanda shi ne iyakar lafiya.

Aikin da aka saba yi wa manya, wato buɗe wa ruwan ƙaramar kafa a farin ido, bai cika ɗorewa ga irin waɗannan yara ba, saboda kafar kan toshe da tabo. Don haka likitoci da dama sun fi karkata ga dasa siririn bututu, irin wanda ake kira Ahmed ko Baerveldt, wanda ke janye ruwan zuwa wani ɗan faifai da ake ɗinkewa a jikin ƙwayar ido, inda fatar ido ke rufe shi. Rage aikin sashen da ke samar da ruwan ta hanyar hasken leza galibi sai sauran hanyoyi sun gaza ake komawa gare shi.

A ganina, abin da ya fi muhimmanci shi ne wanda zai yi aikin. Madubin gaban idon waɗannan yara, wato shimfiɗar nan mai kamar gilashi da ke rufe baƙin ido, ba shi da ƙwari, kuma kowace sabuwar tiyata na iya ƙara dusashe shi, saboda haka ki nemi ƙwararre a fannin hawan jinin ido na yara. Ki kuma tambaye shi maganin ɗigawa marar sinadarin adanawa, domin ko bayan aikin wataƙila yaron zai ci gaba da ɗiga magani da zuwa awon matsi a kai a kai.