Wane ne Brian Greenwood, kuma me ya haɗa bincikensa da mu a Kano?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce, ina aji huɗu a karatun likita a nan Kano. A darasin garkuwar jiki an ambaci Farfesa Brian Greenwood, aka ce ya yi aiki a Zariya. Da na duba, sai na ga duk maganar gidan sauro ce da sanƙarau. Ina garkuwar jiki a ciki, kuma me ya sa ake ji da shi haka?

Amsa: 'Yata, garkuwar jikin tana nan, ita ce ma tushen. Ɗan Ingila ne, an haife shi a 1938, ya zo asibitin koyarwa na Ibadan a 1965 yana matashin likita. Abin da ya fara ɗaure masa kai shi ne ƙarancin masu irin ciwon nan da sojojin jiki ke juyawa su far wa gaɓoɓin mai su, alhali a ƙasarsu sun cika asibiti. Ya yi zargin cewa yawan fama da maleriya tun yarinta ne ke sauya halin garkuwar. Ya rubuta haka a mujallar Lancet a 1968, sannan ya gwada a jikin ɓeraye masu gadon irin wannan ciwo: waɗanda aka sa wa maleriya sai ciwon ya lafa musu.

Da wannan tunani ya iso Jami'ar Ahmadu Bello a 1970, ya yi shekara goma. A 1972 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa yaron da ke cikin zazzaɓin maleriya, in aka yi masa rigakafi, jikinsa ba ya ƙera sojoji yadda ya kamata. A 1978 aka ga cewa a rigakafin sanƙarau raunin yana nan har bayan wata guda da kwanciya. Ki riƙe wannan da kyau, don ni a nan nake ganin girman mutumin. Sauro ba zazzaɓi kaɗai yake bari ba, har ƙofa yake buɗe wa wasu cututtukan. Wanda ya gano haka kuwa, ina mamaki don ya ƙare da maganar gidan sauro?

Sanƙarau kuma shi ya same shi da abokan aikinsa har gida a Zariya. Ke ma kin san lokacinsa, daga ƙurar hunturu zuwa zafin bazara, sai ruwan farko ya sauka ya yi sauƙi. Idan annoba ta ɓarke, gadaje kan ƙare, marasa lafiya su kwanta a baranda, uwa na riƙe da yaron da wuyansa ya sandare, ga ma'aikata 'yan kaɗan da ba za su iya bin kowa da allura duk bayan 'yan sa'o'i ba. Ayarin Zariya ya gwada allurar kuloramfenikol mai haɗe da mai, wadda ake yi sau ɗaya ta daɗe tana aiki a jiki, aka buga sakamakon a 1979. Shekaru da dama ita ce abin dogaro a ƙasashen Sahel kafin a koma kan seftiriyazon. Duk wanda ya ga 1996, lokacin da aka lissafa mutum 109,580 da suka kamu a Najeriya, 11,717 suka rasu, Asibitin Zana na Kano ya cika ya batse, ya san darajar maganin allura ɗaya.

Daga 1980 zuwa 1995 ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta Birtaniya da ke Gambiya. Can aka nuna, a 1991, cewa gidan sauro mai magani ya rage mutuwar yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu da fiye da rabi a ƙauyukan da aka gwada. Can kuma aka gwada rigakafin ƙwayoyin da ke kawo limoniya da sanƙarau ga jarirai. Lambobin yabo sun biyo baya, har da ta Hideyo Noguchi daga Japan a 2008 da muƙamin Sir a 2012, amma ba su nake so ki kalla ba.

Ki kalli lungunku idan damina ta kankama. Mata biyu da hijabi da jaka suna bi gida-gida, suna tambayar yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar. Su narka ƙwayar maganin kariya daga maleriya a cokali su ba yaro a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyu, su yi alama da alli a jikin bango, wata mai zuwa su dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan tsari a 2012, kuma asalinsa gwaje-gwajen da Greenwood ya fara a ƙauyukan Gambiya ne tun shekarun 1980, waɗanda shi da ɗalibansa suka ci gaba da su a Senegal da maƙwabtanta. Uwar da ke karɓar maganin ba ta taɓa jin sunansa ba.

Shawarata, ki nemi maƙalar nan ta 1972 ki karanta ta a tsanake, gajera ce. Ki lura da kayan aikin da suka yi amfani da su, sannan ranar da za ki zagaya ɗakin yara a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala, ki tafi da ɗan littafin rubutu a aljihu.