Ƙoramar duwatsun da na yi wa Hajiya tana shanye mana ruwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa. Bara na sa magini ya yi mana 'yar ƙorama ta duwatsu da siminti a tsakar gida saboda mahaifiyata tana son jin ƙarar ruwa in ta zauna lazimi da yamma, tsawonta mita 6 faɗi rabin mita, ruwan yana gangarawa cikin wani rami mai mita 1 kowane gefe sai famfo ya sake tura shi sama ta tiyo. Da farko lafiya lau, amma tunda zafi ya shigo kullum sai mun zuba bidon (jarka) 6 na lita 20, kuma sayen ruwan muke. Magini yace rana ce kawai, ni dai hankalina bai kwanta ba. In fasa ne a sake ko yaya?
Mai karatu daga Domayo, Marwa

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka kan wannan hidima da kake wa Hajiya. Don Allah kar ka fasa komai tukuna, a fara aunawa.

Maginin naka ya faɗi wani abu na gaskiya, ranar ƙasarmu tana shan ruwa ba da wasa ba, Tafkin Chadi ma kusan zurfin mita 2 yake rasawa a shekara ta hanyar tururi, balle Maris da Afrilu a Marwa da zafi ke wuce digiri 40 ga busasshiyar iska. To amma mu yi lissafi. Duk milimita 1 da ruwa ya sauka a fili mai mita 1 tsawo mita 1 faɗi, lita 1 ce ta tafi. Taka ƙoramar da ramin duka filinsu murabba'in mita 4 ne, wato irin wannan fili sau 4, ko mun ce rana na shan milimita 10 a yini lita 40 kenan, bidon 2, in ma an ƙara saboda ruwan yana gudu kan duwatsu masu zafi a ce 3. Kai kuwa lita 120 kake zubawa, kaga kenan akwai inda sauran yake bi.

Da yamma ka kashe famfo, ka jira ruwan ya gama taruwa a ramin, ka cika shi ka sa alama da alli, ka ajiye bokitin ruwa a gefe shi ma da alama, sai gobe war haka ka duba. In sun sauka kusan daidai to ramin lafiyarsa ƙalau, matsalar tana cikin ƙoramar ko tiyo. In ramin ya fi bokiti sauka sosai kar ka ƙara ruwa, bar shi ya yi ta sauka har ya tsaya da kansa, daidai inda ya tsaya nan tsagar take.

Ni inda na fi zargi simintin ne. Yankin Diyamare inda Marwa take yana da ƙasar laka irin ta karal da ake shuka masakwa, da damina ta kumbura da rani ta tsuke ta dare, siminti kuwa ba ya lanƙwasa, indai gidanku kan irinta yake to tsagewa zai yi ko da kamar silin gashi ne, kuma ruwa wannan ya ishe shi hanya. Ga kuma dalbejiyar Marwa, saiwarta tana bin danshi har ta kutsa cikin tsaga ta buɗa ta. Ka kunna famfo da sassafe ka bi gefen ƙoramar kana taɓa ƙasa da hannu, duk inda ka ji danshi ko ka ga ciyawa ta yi shar alhali ko'ina ya bushe, tona nan. Wani lokacin ma ba tsaga bace, ƙasa ko yashi ne ya taɓa ruwan a baki yana zuƙe shi waje kamar lagwanin fitila dare da rana, sai ka janye ƙasar ka ɗaga bakin ya fi ruwa tsayi da yatsa uku ko huɗu.

Tsaga ƙarama ana buɗa ta kaɗan a cike da simintin da aka garwaya da hodar hana yoyo irin su Sikalite. Amma in ta yi yawa, shawarata a kwashe duwatsun a shimfiɗa yashi mai laushi, a ɗora leda mai kauri ta tafkin kifi falle ɗaya ba haɗi, a mayar da duwatsu su rufe ta ruf kar rana ta ci ta. Ita ledar tana bin motsin ƙasa. Tamfol na kasuwa ba ya jimawa, kar a yaudare ka da araha.

Sai abin da mutane ke rainawa, fantsama. In duwatsun gefe suna jiƙa to ruwa ne ke fita bai dawowa, rage ƙarfin famfon, wurin da ruwa ke faɗowa daga sama kuma a sa dutse mai gangara ya riƙa silalowa, ƙarar ma ta fi daɗi a kunne.

Tunda da yamma Hajiya ke zama, me zai sa famfo ya wuni yana aiki cikin rana? A kunna bayan la'asar a kashe bayan isha'i, a rufe ramin da faffaɗan dutse ko katako, a yi wa ƙoramar rumfar zana. Sai dai a tabbata ana kunnawa kullum saboda sauro, kuma kar a taɓa barin ruwa ya yi ƙasa da famfon, ƙonewa zai yi. In ka yi gwajin bokitin ka rubuto mana abin da ka gani, a gaida Hajiya.