Me Ya Sa Bakana Ke Sauya Hali Tsakanin Hunturu Da Bazara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da bakan itace da na gada daga mahaifina, wanda maharbi ne, da kuma wani na zamani da nake gwajin harbi da shi a gefen dutsen Kufena. Na lura cewa da safiyar hunturu suna yin tauri wajen ja, amma da zafin Afrilu sai su yi laushi, kibiya ta riƙa sauka ƙasa da inda na auna. Bara kuma na ga 'yar tsaga a jikin na itacen. Shin sanyi ne ya jawo ta? Daga mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Abin da hannunka ya ji gaskiya ne, domin sanyi yana ƙara wa baka tauri kaɗan, zafi kuma yana sassauta shi, har kibiya ta rage gudu. Wannan ba illa ba ce, gyaran auna kawai yake buƙata.

Tsagar ce ta fi damuna, kuma a ganina ba sanyi ne ya kawo ta ba, bushewa ce. Sanyinmu na Zariya bai kai ya fasa itace ba, amma iskar hunturu da ke fasa mana leɓe da diddige ita ce ke tsotse ɗan ruwan da ke cikinsa. Masu sassaƙa baka suna son danshin itacen ya tsaya wajen kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari. Idan ya yi ƙasa sosai sai ya daina lanƙwasa da sauƙi, ya zama mai saurin karyewa. Tsarkiyar fata ma ƙanƙancewa take yi idan ta bushe, ta ƙara ɗame bakan a daidai lokacin da ya fi rauni, kamar yadda take saki da damina. Saboda haka kada ka jingine shi kusa da wutar da ake jin ɗumi da asuba. Ka riƙa shafa masa man kaɗe kaɗan-kaɗan, ka kwance tsarkiyar duk sa'ad da ka gama harbi, kuma kafin harbin farko ka ja shi rabi-rabi sau da yawa.

Na zamanin kuwa zafi ne abokin gabansa. Yawancinsu siraran itace ne da fiba aka manne da gam, kuma cikin motar da aka rufe a rana a watan Maris ko Afrilu yana iya haura digiri 60, zafin da ke sassauta gam har manni ya ɗaye, musamman idan tsarkiya na ɗaure. Rataye shi dab da rufin kwano ma bai dace ba. Ka shafa wa tsarkiyarsa kakin zuma, ka kuma auna tazarar da ke tsakaninta da mariƙi kafin ka fara. Idan ta ragu, tsarkiyar ta miƙe, sai ka murɗa ta kaɗan.

Game da bakan mahaifinka, ka ɗauki 'yar auduga ka bi bayansa da ita a hankali. Idan ta maƙale a wurin tsagar, ko kuma tsagar ta gitta itacen maimakon ta bi tsawonsa, ina roƙonka kada ka sake jan sa, domin bakan da ya karye a ja fuska da ido yake nufa. Ka shafe shi da mai, ka kwantar da shi a kan ƙusoshi biyu a bangon ɗaki mai inuwa.