Amsa ga Hajiya kan karatun da zai kai yaro aikin masana'anta

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Hajiya, barka da yamma, ya yara? Na saurari saƙonki a kan Abba, cewa ya gama sakandare, ransa na kan aikin masana'anta wajen injinan da ake ƙera kaya, kina tambaya jami'a za a tura shi ko Poli, kuma wane kwas zai cike a JAMB. Zan ɗan ja magana, a yi haƙuri, don na san akwai iyaye da yawa a nan da abin ya shafa.

To, kada ya tsaya neman kwas mai suna aikin masana'anta a matakin shiga. Ƙofar shigar ita ce Makanikal, ko Ilektirikal, ko Mekatironiks mai haɗa su biyun da kwamfuta, ko Kemikal. Duk wadda zai bi, sai da kiredit biyar a zaman da bai wuce biyu ba: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, da ƙarin darasi ɗaya, ko WAEC ce ko NECO ko NABTEB. A JAMB kuma waɗannan huɗun na farko zai rubuta. Don Allah ya karanta takardar da idonsa kafin ya bar wajen rijista. Sau da yawa mai cikewa yakan sa Bayoloji a gurbin Kemistiri, yaro ya ci maki mai kyau amma a ƙi ɗaukarsa, shekara guda ta tafi a banza.

Digirin injiniya shekara biyar ne. Nan gida akwai BUK, suna da Makanikal da Ilektirikal da Mekatironiks, akwai jami'ar Aliko Dangote ta Wudil, ga ABU a Zariya. A shekara ta huɗu ake tura su SIWES, wato koyon aiki a aikace a masana'anta, na wata shida. Wannan hanyar lissafi ya fi yawa a cikinta, ta dace da yaron da ke son zana inji, tsara yadda aiki zai gudana, da shugabancin sashe nan gaba.

Poli kuwa, ND shekara biyu da SIWES na wata huɗu bayan shekarar farko, sai shekara guda cur ta IT, wato horon aiki a masana'anta, sannan HND shekara biyu. Ki lissafa, Hajiya, biyar ɗin ce dai. Bambancin shi ne ɗan Poli ya fi daɗewa a gaban inji. A HND ta Makanikal ne ake rabuwa, wasu su ɗauki ɓangaren ƙere-ƙere, wasu ɓangaren tukunyar tururi da janareto da manyan injina, saboda haka a tambayi makaranta wanne take da shi. Akwai makarantar fasaha ta Kano Poli, akwai Hussaini Adamu a Kazaure, akwai Kaduna Poli. In harkar fata ce ke ba shi sha'awa, ganin yadda ake jima a Challawa, to NILEST, cibiyar koyar da fasahar sarrafa fata da ke Samaru Zariya, aikinta ke nan.

In ra'ayina kike so, yaron da kika ce tun yana ƙarami yake kwance fanka ya mayar, kuma makinsa na JAMB tsaka-tsaki ne, kada a zaunar da shi gida yana jiran jami'a shekara bayan shekara. Ya shiga ND yanzu. Ya dage ya fita da makin 3.00 zuwa sama cikin 4.00, don da wannan sakamakon zai iya neman aji biyu na jami'a kai tsaye ta DE. In HND ya zaɓa, 2.50 ake fara nema. Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu ana fifita digiri a kan HND, musamman a aikin gwamnati, kuma COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rijista, ba aji ɗaya take sa su ba. Amma mai kamfani a Sharaɗa ko Bompai, idan inji ya tsaya kaya na jira, wanda zai tayar masa da shi yake nema.

Yauwa, ga inda nake so iyaye su buɗe kunne: wajen SIWES da IT. Nan ne ake yin yaro ko a rasa shi. Da yawa sukan kai takardarsu wani ofis inda kawu yake aiki, a sa musu hannu a littafi, su gama ba su taɓa sufana ba. Wallahi cutar yaro ce wannan, ba gata ba. A nema masa kamfanin roba, ko na buhu, ko injin shinkafa, ko na matsar mai, a Sharaɗa, Challawa, Bompai ko hanyar Haɗeja, ko da ba za a ba shi ko sisi ba sai kuɗin mota daga gida. Kuma ya roƙi a sa shi sashen gyara, kada a bar shi wajen ɗaure kaya.

Bari in ba ki misalin abin da ya kamata ya fito da shi. Injin da ke buga bokiti da kujerar roba, ana zuba ƙwayar roba ta mazurari, wani dogon ƙarfe mai murɗi ya tura ta cikin bututu mai hita a jikinsa, ta narke a zafin da ya haura digiri 200, a harba ta cikin mol, wato ƙarfen da ke ba ta siffar bokitin, ruwan sanyi ya daskarar da ita. Idan bokiti ya fito bakinsa bai cika ba, ko dai zafi ya yi ƙasa, wataƙila hita ɗaya ta mutu, ko ƙarfin turawa bai kai ba, ko iska ta maƙale a mol. Idan kuma ya fito da rarar roba siririya a gefe, to mol bai matsu sosai ba, ko fuskarsa ta ci, ko an cika turawa. Yaron da zai ɗauki bokitin ya juya shi ya faɗi inda za a fara dubawa, ba ya rasa aiki a garin nan.

Haka moton lantarki mai layi uku, 415 bolt. Layi ɗaya ya ɗauke, moto ya ci gaba da juyi a kan biyu yana gurnani, ya ɗau zafi, kwayil ya ƙone, sai wajen masu riwayin. Abin da ke kare shi na'urar da ke katse wuta ce idan nauyi ya yi yawa, to amma wasu sukan ƙara mata lamba ko su tsallake ta don kada aiki ya tsaya. Dole ya san yadda ake saita ta daidai da amfiyar da ke rubuce a jikin moton. Ya iya awo da ma'aunan kaurin ƙarfe, wato baniya da maikiromita, wadda ke auna har kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ya iya karanta zanen inji, ya iya canza boris ba tare da ya doke shi da guduma kai tsaye ba. Kuma tun ranar farko ya sani: ba a zuwa gaban injin feƙe ƙarfe da riga mai faɗin hannu ko safar hannu, kuma ba a sa hannu cikin inji sai an kashe wuta daga babban makunni an kulle.

A gefe guda ya koyi AutoCAD da SolidWorks, manhajojin zanen inji a kwamfuta, ya fara leƙa PLC, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injinan zamani, irin na Siemens. Masu iya ta ba su da yawa, shi ya sa ake nemansu. Masu 'ya'ya mata ma kada su ce ba nasu ba ne, ga ɗakin gwajin inganci, ga kimiyyar abinci, ga injiniyancin kansa.

Kafin ki biya ko kwabo, a tabbatar kwas ɗin kansa yana da amincewar hukuma: NBTE ga Poli, NUC ga jami'a, da COREN. Makaranta na iya zama mai rijista alhali kwas ɗaya a cikinta ba shi da ita. Gurbin kuma ya fito a CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, ya karɓa a can, in ba haka ba rigima ce ranar tafiya bautar ƙasa. Sannan babansa ya ɗauke shi su je wakshof ɗin makarantar ranar aiki, su ga ko injinan na juyawa, su tambayi ɗaliban ajin ƙarshe sau nawa suke shiga a mako. Takardar kammala IT ma a adana ta da kyau, ana tambayarta wajen shiga HND.

Ki turo min sakamakonsa na WAEC da makin JAMB ta gefe, in duba ko akwai buƙatar canza makaranta ko kwas tun ba a rufe ba. Allah Ya yi masa albarka. A gaida Alhaji.