Tambaya da Amsa: Me ya haɗa tsoffin sojojin Amurka da 'yan gudun hijirar Biyetnam a taro ɗaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Malam. Yayana da ke karatu a Kalifoniya ya turo mini bidiyo ta WhatsApp a ƙarshen watan Afrilu. Taro ne na hukuma: ga manyan gari, ga tsoffin sojojin Amurka, ga kuma wasu dattawa 'yan Biyetnam riƙe da tuta ruwan ɗorawa mai jajayen layuka uku, wasunsu na share hawaye. A makaranta an ce mana Amurka ba ta ci yaƙin Biyetnam ba. To me ake tunawa? Kuma me ya kawo 'yan gudun hijira taron sojoji? Ɗanka, daga Bolari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Malaminku bai yi muku ƙarya ba. Amurka ta janye mayaƙanta na ƙarshe ran 29 ga Maris 1973. Bayan shekara biyu, ran 30 ga Afrilu 1975, dakarun Biyetnam ta Arewa 'yan kwaminis suka shiga Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, wadda Amurka ke mara wa baya. Abin da yayanka ya ɗauko maka zaman makoki ne, shi ya sa ka ga hawaye.

Tutar nan ta Biyetnam ta Kudu ce, ƙasar da ta bar duniya a wannan rana. Ta Biyetnam ta yanzu ja ce da tauraro a tsakiya. Can Biyetnam 30 ga Afrilu ranar hutu ce, ana murnar haɗewar ƙasa, Saigon ma an sake mata suna, an ce birnin Ho Chi Minh. Waɗanda suka tsere kuwa, Baƙin Afrilu suke kiran watan.

Gudun nasu shi ne abin da nake so ka tsaya ka duba. A 1975 Amurka ta kwashe mutum sama da 120,000. Sojoji da ma'aikatan tsohuwar gwamnati da suka rage, da yawa aka kai su sansanonin da ake kira na gyaran tunani, wasu suka shekara da shekaru. Daga nan mutane suka faɗa teku. Ka san kwalekwalen masunta na Dadin Kowa? Ka ƙaddara jirgin katako da ya fi shi girma, an cusa mata da yara har babu wurin miƙe ƙafa, ruwan sha ya ƙare, ga 'yan fashin teku. Kimanin mutum 800,000 suka isa gaɓar Malesiya, Tailan, Indonesiya da Hong Kong da ransu. Waɗanda teku ta cinye, sai dai Allah.

Abin da ya haɗa su taro ɗaya da sojojin ba ɓoyayye ba ne: da yawa daga dattawan nan su ma tsoffin sojoji ne, na Kudu, tare aka sha wuta. A garin Westminster na Kalifoniya, inda suka taru har ake ce wa unguwar Ƙaramar Saigon, an kafa mutum-mutumin soja biyu a 2003, Ba'amurke da ɗan Biyetnam ta Kudu, kafaɗa da kafaɗa. A ganina ba tausayi kaɗai ya sa hukuma zuwa ba. Mutanen sun zama 'yan ƙasa, suna da ƙuri'a, 'ya'yansu sun shiga majalisu. Kanada ma, wadda ta karɓi kusan 60,000 tsakanin 1979 da 1980, ta yi doka a 2015 ta ware musu 30 ga Afrilu, gwamnatin Biyetnam da ke Hanoi kuwa ba ta ji daɗi ba.

Su sojojin Amurkan, da yawansu sun dawo gida ba wanda ya yi musu guɗa, don jama'a da dama sun tsani yaƙin. Sai a 1982 aka buɗe katangar baƙin dutse a Washington mai sunayen mamata sama da 58,000, sai kuma a 2017 doka ta tabbatar musu da 29 ga Maris a matsayin ranar tunawa da su.

Sunayen nan ne ke tsaya mini a rai. Mu ma muna da ranar mazan jiya, 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Na sha zuwa: a ajiye furanni, a busa bigila, a saki tattabaru, a watse. Kawuna ya yi yaƙin Bama, ta Asiya nake nufi, ba ta Borno ba. Lambarsa a gwangwanin madara ya ajiye ta har ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma ban taɓa jin an ambaci sunansa a fili ba. Mutanen Gwoza da Bama ta Borno da suka shigo mana a 2014, wasu har yanzu muna sallah sahu ɗaya da su, ban ga an ba su kujera a wurin ba.

Ka gaya wa yayanka, in ya sake zuwa baɗi, ya rusuna ya gaida ɗaya daga cikin dattawan, ya tambaye shi shekarar da ya hau jirgi da kwana nawa ya yi a ruwa. Ya kuma kiyaye, kada ya kuskura ya je da jar tutar nan mai tauraro, ko da a jikin riga ce.