Ƙwandala a kan allura ba ta ƙara sauti, faifai take ci

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mana garmahonsa ƙirar Technics da faya-fayai sun fi ɗari, na mawaƙan Hausa da na Indiya da 'yan na Turawa. Tsohuwar amfilifayarsa ta ƙone tun yana raye. Na sayi sabuwa, na jona garmahon a ramin AUX, sai sauti ya fito ƙasa-ƙasa, siriri kamar ana waƙa a cikin gwangwani, ko na murɗa ƙara har ƙarshe. Na kai wa wani mai gyara, ya ce allurar ce ba ta kama faifan da kyau. Ya liƙa mata ƙwandala da salatif, ya mayar da wayar ramin makirfo. Ƙara ta ɗan ɗagu, amma ga gurnani ya shigo, kuma faifan da Baba ya fi so ya fara ƙarar soyayyar gyaɗa. Wani abokina ya ce in sayi kan allura Denon DL-103 a wurinsa, wai shi ne magani. Hankalina a tashe yake, ina tsoron na lalata abin da ba zan sake samu ba. Me ya kamata in saya? Daga mai karatu, Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Kafin ka ci gaba da karatu, tashi ka ɓare ƙwandalar nan, kuma kada ka sake ɗora ko faifai ɗaya sai ka gama abin da zan gaya maka.

Lafiyar allurarka ƙalau a ranar da ka fara jona ta. Abin da ya ɓace yana cikin amfilifayar da ta ƙone, a bayan ramin nan da aka rubuta wa PHONO. Sababbin amfilifayoyi da yawa ba su da shi. Kan allura irin na yawancin garmahon Technics, wanda ake kira MM, wato mai maganaɗisu mai motsi, yana fitar da milibolt 3 zuwa 6 ne kacal, ramin AUX kuwa yana jiran wajen milibolt 300 ko fiye. Sai an ninka wutar kamar sau 100, wato desibel 40, kafin su daidaita. Wannan shi ne rabin aikin akwatin fono, wato na'urar da ke yin aikin ramin PHONO ɗin nan. Ɗaya rabin shi ne ya sa ka ji gwangwani. Lokacin da ake yanka faifai da gangan ake danne bes, har kusan desibel 20 a can ƙasa, a ɗaga tirebul kusan haka a can sama, don layin faifan kada ya yi faɗi ya cinye wuri, kuma don a binne hayaniyar roba. Tsarin RIAA ke nan, wanda kamfanonin faifai na Amurka suka tsayar a 1954, sauran duniya ta bi daga baya. Akwatin fono yana juya wannan lissafin, ya mayar da bes wurinsa, ya kwantar da tirebul. Ramin makirfo yana ƙara ƙarfi kawai, bai san wani RIAA ba, shi ya sa ƙara ta ɗagu amma kalangu bai dawo ba. In kuma mikisa ce mai tura bolt 48 ga makirfo, tana iya hallaka maka kan allurar ma gaba ɗaya.

Abin da za ka saya ƙaramin akwatin fono ne na MM, mai nauyin lantarki kilo'om 47. Kusan duk MM a kan wannan adadin aka gina shi, don haka ba sai ka sha wahalar nema ba. Garmaho ya shiga akwatin, akwatin ya shiga AUX. In ka ci karo da tsohuwar amfilifaya ta gwanjo a Sabon Gari mai ramin PHONO da ke aiki, ita ma ta isa: ko ka yi amfani da ita kai tsaye, ko ka ɗauki sauti daga ramin REC OUT nata ka kai sabuwar. Da yawa daga na shekarun 1970 da 1980 sun fi ƙananan akwatunan yanzu masu araha tsabtar sauti, don a lokacin faifai ne abincin kowa. Sai dai ka duba bayanta, in an rubuta bolt 100 ko 120 kada ka kuskura ka soka ta a wutarmu ta bolt 230 ba tare da taransifoma ba.

Wani abu da mutane ke rainawa: tsawon waya. MM yana da ƙyashi da kafasitans, wato yadda waya ke riƙe caji, wanda ake aunawa da fikofarad. Audio-Technica, alal misali, tana neman fikofarad 100 zuwa 200 ga kan allurarta AT-VM95E, alhali mita ɗaya ta wayar jona sauti tana iya cin wajen 100 ita kaɗai, ga na cikin akwatin. Ka ƙara wayar kasuwa mai mita uku, sai ka ji muryar mawaƙi tana yanka kunne, siririn amon da ke samanta kuma ya ɓace. Ajiye akwatin dab da garmahon, doguwar wayar ta zauna tsakanin akwatin da amfilifaya, can ba ta da illa.

Batun abokinka, DL-103 kan allura ne na ƙwarai, tun farkon shekarun 1960 gidajen rediyon Japan ke aiki da shi. Amma MC ne, wato mai naɗin waya mai motsi, milibolt 0.3 yake bayarwa, kashi ɗaya cikin goma ko ƙasa da haka na wanda kake kuka da shi. Ka jona shi a AUX, ba za ka ji komai ba sai numfashin lasifika. Ka sa shi a akwatin MM, ƙara ba za ta ishe ka ba, ga huci. Yana buƙatar akwati mai desibel 60 da nauyin lantarkin da bai gaza om 100 ba, ko ƙaramar taransifoma mai ninkawa sau goma a gaban akwatin MM, wadda za ta ɗaga shi zuwa milibolt 3 ta kuma nuna masa om 470. Duk wannan kuɗi ne. Kuma allurar MC ba a zare ta a gida; ranar da yaro ya sa mata yatsa, kan gaba ɗaya ya tashi aiki. A gidan da ke da yara da ƙurar hunturun Kano, ni MM nake ba mutane shawara, wanda za ka zare allura ka soka sabuwa cikin minti ɗaya. In ma garmahon Baba irin mai kan da ake sokawa kai tsaye ne a bakin hannu, wanda ake kira T4P, to DL-103 ba zai ko hau ba.

Yanzu bari in dawo kan ƙwandala, don ita ce ta hana ni sakat. Da wuya mako ya wuce ba a kawo mini garmaho da wani abu liƙe a ka ba. Na ga ƙwandala, na ga noti, na ga murfin kwalba cike da cingam. Kuma duk wanda ka tambaya amsa ɗaya ce: "Ai mai gyara ne ya ce allura sai ta danna sosai kafin ta yi ƙara." Wannan magana ba ta da tushe ko kaɗan. Wutar da kan allura ke fitarwa ta dogara ne da saurin kaɗawar allurar a cikin layin faifai, tana motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya. Yadda aka yanka layin, haka allurar za ta kaɗa, ko ka ɗora giram biyu ko ka ɗora buhun gero. Nauyi ba ya ƙara ko milibolt ɗaya. Ɗan ƙarin da ka ji daga ramin makirfo ya zo, ƙwandalar ba ta taɓuka komai ba sai ɓarna, amma ita aka yaba.

Na san inda abin ya samo asali. Garmahon kakanninmu mai wani, wanda ake murɗa wa hannu, kansa ya haura giram 100, allurarsa ta ƙarfe ce, ana jefar da ita bayan faifai ɗaya ko biyu, faifan kuma mai tauri ne mai gudu 78 a minti wanda aka yi don ya jure. Daga baya aka samu ƙananan garmaho masu kan siramik da ke taka faifai da giram huɗu zuwa shida. Mutane suka taso da tunanin allura aba ce da ake dannawa. Amma faifan roba mai gudu 33 da 45 wani abu ne daban, layinsa bai kai kaurin gashin kai ba. AT-VM95E giram 2 take so. Ortofon 2M Red giram 1.8. Irin T4P ɗin nan giram 1.25 aka yanka masa. Ƙwandalar naira ɗaya ta haura giram 5. Wato mai gyaranka ya ninka nauyin sau uku ko fiye, a kan ɗan ƙwayar daimon da ido ba ya gani sosai, wanda ke gogar bangon layi a wuri ƙanƙane ƙwarai.

Ga abin da ke faruwa. Tsinken da ke riƙe da daimon ɗin a cikin wata 'yar roba yake zaune, ita ce ke ba shi damar rawa. Nauyi ya yi yawa, robar ta lotsa, tsinken ya kwanta, wani lokaci har cikin kan allurar ya riƙa shafar faifai. Maganaɗisun ya bar tsakiyarsa, sauti ya dagule. Daimon ɗin ya ci da wuri, ya yi baki kamar kurfi, daga nan kuma ya koma sassaƙa. Wani dattijo ya taɓa kawo mini faifan da ya ce da shi aka yi bikin aurensa. Na ɗaga shi a hasken taga, layukan da ya kamata su yi baƙi wul suna sheƙi sun koma ruwan toka, musamman can kusa da tsakiya. Na shafa ɗan burushi a allurar, sai ga baƙin gari ya zubo a kan farar takarda. Ya ce, "Injiniya, ƙura ce?" Na ce, "Baba, waƙar ce." Ya daɗe bai ce komai ba. Ba ni da abin da zan sayar masa ya mayar da wannan garin cikin layi, kuma babu mai shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, masu wannan aikin ba mugunta ce ke sa su ba, rashin cewa "ban sani ba" ne. Mutum ya ƙware a gyaran talabijin da dikoda, Allah ya ba shi hannu, amma bai taɓa riƙe sikelin allura ba. A kawo masa garmaho, maimakon ya ce a kai gaba, sai ya laluba aljihu. Kuma da yake in allura na tsalle ƙwandala takan hana ta, sai a ɗauka an yi gyara. Tsalle alama ce ta wata cuta: ko faifai ya yi datti, ko ya lanƙwashe don an jingine shi a ɗaki mai zafi, ko teburin ya karkace, ko allurar ta ƙare, ko robar nan ta bushe ta ƙandare saboda shekaru da zafin Kano. Wanda ciwon haƙori ya hana barci ba a ɗaure masa baki a ce ya warke. Kada kuma ka ji wannan ka gudu ɗaya gefen. Akwai masu rage nauyi ƙasa da ƙa'ida wai suna tausaya wa faifai, allurar ta riƙa karo da bangon layi tana ɓantarar sa. Shi ma ɓarna ne. Abin da kamfanin ya rubuta, shi za ka bi.

To ga yadda za ka yi. Allurar da ta ɗauki ƙwandala kada ta sake taɓa faifan Baba, ka nemi lambar da ke jikin kan ka sayo sabuwar allura daidai da ita. In Shure ce sai ka yi haƙuri da ta wasu kamfanoni, don su sun daina yin kan allura tun 2018. In hannun mai dutsen daidaita nauyi ne a baya, murɗa dutsen har hannun ya tsaya a iska bai hau bai sauka ba, ka mayar da zoben lambobin kan sifili, sannan ka murɗa dutsen gaba ɗaya zuwa giram ɗin da aka rubuta, ka sa maɓallin hana zamewa a kan wannan lambar. Ƙaramin sikeli irin na 'yan gwal yana taimakawa wajen tabbatarwa, amma ka lura, in farantinsa ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa ne zai yi maka ƙarya.

Gurnanin kuwa, duba bayan garmahon za ka ga wata siririyar waya ta uku mai baki kamar cokali mai yatsu. Wurinta sukurun da aka rubuta wa GND a jikin akwatin fono. Can kaɗai. Na ga wanda aka tura wa ita cikin soket ɗin bango wai ana neman ƙasa, a gidan da wayarin ɗinsa Allah kaɗai ya san yadda aka haɗa, hannun garmahon kuma ƙarfe ne da kake kamawa da yatsu. Ka kuma nisanta akwatin da sitabilaiza da cajar waya, ko da taku biyu ne, domin abin da ke ninka sauti sau 100 yana ninka gurnanin wuta fiye da sau 100.

Faifan da ya fara ƙarar gyaɗa kada ka yanke masa hukunci tukuna. Sau da yawa ƙurar shekaru ce allura mai nauyi ta tono. Wanke shi da ruwan batir wanda ba a sa wa asid ba da ɗigon sabulun wanke kwano, ka bi layin da yadi mai laushi, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya, ka ɗauraye, ka jingine shi a inuwa ya bushe sarai. Ka saurare shi da sabuwar allura ta cikin akwatin fono. In ƙarar ta ragu, datti ne. In kuwa tana nan a duk inda mawaƙi ya ɗaga murya, to ya ciwu, sai ka naɗe shi a kwamfuta sau ɗaya daga bayan akwatin, ka mayar da shi rigarsa ka ajiye a tsaye.